Sunan da Zulai Ba Ta Faɗa

Sharr! Ƙarar takarda ce aka turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ina kicin ina tsince shinkafa, watanmu uku ke nan da tarewa a unguwar Dengfeng da ke Guangzhou, maigidan ya tafi Xintang duba wandunan da zai aika Kano. Na fito na tarar da farar takarda, layi biyar na rubutun Sinanci, ga jan hatimi a ƙasa kamar idon zakara. Na kai wa maƙwabtana. Ɗaya ta ce in ɓoye, ɗaya ta ce in ƙona. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na goya yaro, na kama hanyar ofishin da ke ƙarshen layinmu, ina tafe ina karanta duk addu'ar da na sani.

Ashe cewa suka yi mu zo mu rubuta sabon adireshinmu. Minti goma aka sallame ni, har da ba wa yaron alewa. Da na dawo, mata huɗu na jirana a bakin bene, kowacce ta ciro irin takardar daga ƙarƙashin katifa. Washegari na raka su. Daga ranar na zama mai rakiya, shekara goma sha huɗu ke nan.

Na ɗauki biro ne saboda ku, 'yan matan da kuke zuwa falona ran Lahadi kuna cinye mini cincin. Makon jiya wata a cikinku ta ce, "Anti Binta, ai aikin nan naki waya ma tana yi. Ki ɗora ta a kan takarda, ta fassara, shi ke nan." Na yi dariya na ƙara mata shayi. To, ga amsar da ban ba ki a lokacin ba.

Ku fara da jakar. Baƙar jaka ce mai aljihu bakwai, maigidan yana ce mata ma'aikatar cikin gida. Akwai baƙin biro guda uku, don ba sa karɓar shuɗi, kuma duk wanda ya ari biro a layi ya ɗauka gado ya ci. Akwai gam, da ƙaramin almakashi na datse hoto, da fayil na roba mai launi-launi: kore na biza, ja na haihuwa, ruwan ɗorawa na adireshi. Akwai farin hijabi da baƙi, saboda hoto, don wani mai hoton zai ce fari ya ɓace a jikin bango. Akwai darduma mai ninkuwa, da dabino, da gorar ruwa biyu, da kwabin gari a gora idan akwai mai shayarwa. Layin ofis bai san azahar ba, bai san yunwar yaro ba.

Wata Hajiya daga Maraɗi ce ta koya mini abin da ba ya cikin jakar. Ta zo lokacin baje kolin Pazhou, za a ƙara mata kwanakin biza. Takardunta tsaf, na duba sau biyu. Muka isa gaban injin dangwala yatsa, ta fito da hannu, sai ga lalle ya kama ɓakiƙƙirin har gaɓa ta biyu, na bikin 'yar ƙanwarta. Ta dangwala, injin ya yi tsit. Ta sake, ya yi ƙara. Ma'aikacin ya ce, "Meyo," wato babu. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke Binta, gaya masa yatsun nan da su aka haife ni, ba a Pazhou na saye su ba." Muka yi awa biyu a banɗaki da lemon tsami da soso kafin babban yatsa ya yarda. Tun daga nan, tambayata ta farko ga kowace mace a waya ita ce, "Kin yi ƙunshi?" Wayarku tana tambayar wannan?

Sinancin a kasuwa na tsince shi, da bakin yarana, da wata tsohuwa mai sayar da ganye a ƙasan benenmu da ba ta gajiya da gyara mini baki. Amma aikin ofis, wani dattijon Bature ne ya koya mini. Sunansa Jowan, mu muna ce masa Baba Jowan. Yana aiki a wani shagon fassarar takardu da ke kallon babban ofishin shige da fice, matarsa 'yar nan garin ce. Ranar da ya fara yi mini magana, ya ga na miƙa takardun wata mata a cukuikuye, an dawo mini da su. Ya yafito ni ya ce da Turanci, "'Yata, idan kika kai wa baƙo abinci, miya kike fara miƙa masa ko ruwan wanke hannu?" Ya baje takardun a kan benci ya jera su: fasfo a sama, buɗe a shafin hoto, fom a ƙarƙashinsa, sai adireshi, sai sauran, yadda hannun ma'aikaciyar zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta nema ba. Ya ce, "Tire ne. Ki jera shi kamar tire."

Shekara uku ina zama kusa da shi a bencin nan. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai idan an ce masa ɗan Ingila. Ya ce shi mutumin Kornwal ne, can ƙuryar ƙasar inda tudu ya ƙare teku ya fara, kuma suna da harshensu daban wanda ya kusa mutuwa, jikoki suka tashe shi. Na ce, "To Baba, ai duk fasfo ɗaya ne." Ya ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Kano. Ya ce, "Daga yau ke Bakatsiniya ce." Na ce Allah Ya ba shi haƙuri, na gane.

Abin da ya fi so a duniya shi ne tonon asalin kalma, kamar yadda wasu tsofaffi suke tonon asalin dangi. Wata rana layi ya yi tsawo, lambarmu tana can nesa, ya tambaye ni me muke ce wa wannan abin da muke zaune a cikinsa. Na ce gwamnati. Ya ce wannan a bakin Turawa kuka karɓa. Na ce hukuma. Ya ce wannan kuma na Larabawa ne. Na ce, "To ku fa, masu harshen kanku?" Ya juya 'yar takardar lambarmu ya rubuta a bayanta: menystrans. Ya ce haka suke ce wa gudanar da mulki, aikin ofisoshi da hatimai. Ya sa yatsa ya rufe wutsiyar kalmar, ya ce abin da ya rage, menystra, shi ne aikatawar, wutsiyar ce take mayar da shi sunan aikin. Sannan ya yi dariya ya ce su ma aro suka yi, kalmar ta yi doguwar tafiya daga harshen Rumawan da, ta bi ta bakin maƙwabta kafin ta iso ƙauyensu. A can tushenta, in ji shi, ba sarki take nufi ba. Mai hidima take nufi, ƙaramin cikin gida, wanda yake tsaye da tire yana jiran a gama ci. Ministan da muke ji a rediyo ma daga gidan ya fito.

Na ce, "Baba, ministocinmu sun san da wannan kuwa?"

Ya ce, "Namu ma ba a gaya musu ba."

Muka yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Amma da ya nutsu sai ya nuna mini matar da ke bayan gilashi, ya ce, "Kin ga waccan? Duk wanda ya zo yana ganin sarauniya ce, ko ya durƙusa mata ko ya yi faɗa da ita. Alhali tire ne a hannunta tun safe. Idan ta ƙi ki, kada ki tambayi kanki me ya sa ta tsane ni. Ki tambayi kanki, wa take yi wa hidima a wannan minti?" Ni kuwa abin bai zame mini baƙo ba, don tun a Islamiyya ake gaya mana shugaba mai hidimar jama'a ne. Ban dai taɓa zaton zan ji shi daga bakin Bature a bencin Guangzhou ba. 'Yar takardar tana aljihu na bakwai har yau, rubutun gaba ya goge, na bayan yana nan.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai Alhajin da zai ce a gaya wa lawban, wato mai gidan wurin, shi babban mutum ne a Kantin Kwari, sai in ce, "Alhaji, lambarka tamanin da uku, girmanka yana nan yana jiranka a Kano." Akwai mai son cusa wani abu a cikin fasfo, wannan tun a bakin ƙofa nake zazzage fasfon in mayar masa da abinsa, in ce idan ya sake zai nemi wata mai rakiyar. Akwai mai cewa in faɗi abin da bai faru ba. Ba na yi. Abin da mutum ya faɗa shi nake juyawa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Wannan ba don Allah kaɗai ba, ko da yake Shi ne farko. Matan bayan gilashin sun san fuskata, kuma ranar da suka kama ni da ƙarya ɗaya, duk matan Dengfeng ne za su biya.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Jirage suka tsaya, Pazhou ta yi shiru, jakar ta yi wata da watanni a rataye har ƙura ta hau ta. Na koma yin dambun nama da yaji ina aika wa ɗaliban da suka maƙale a makarantu. Aikin rakiya ya koma ta waya, mutum yana kuka a can, ni ina nan ina karanta masa fom layi-layi. A shekarar ce Baba Jowan ya rufe teburinsa, da hanya ta buɗe suka koma garinsu shi da matarsa. Ya bar mini almakashinsa. Da aka dawo aiki sai na ga ni ce tsohuwar benci.

Aikin Zulai ya zo bayan nan, kuma shi nake so ku riƙe. Zulai 'yar Kano ce, matar wani mai harkar wayoyi, shiru-shiru, tarbiyyar gidan malamai. Mijin ya riga ya tafi gida, ita za ta bi shi ran Alhamis da 'yarsu mai shekara biyar. Bizarta za ta ƙare ran Juma'a. Sai fasfon yarinyar ya bi wanki a aljihun riga, injin ya mayar da shi kunu. Ofishin jakadancinmu ya ba da takardar tafiya ta gaggawa, saura hatimin fita daga wajen mutanen nan. Idan babu hatimin, yarinya ba ta hawa jirgi. Uwar kuma ba ta da halin zama bayan Juma'a.

Na jera tirena ran Talata, ban bar ko ƙura ba. Muka samu wata ma'aikaciya matashiya mai gilashin ido. Ta duba takardar yarinyar: Halimatu, da sunan ubanta. Ta duba fasfon Zulai: sunan nata uban. Ba su haɗu a ko'ina ba, don mu mace ba ta sauya sunan mahaifinta. Takardar haihuwa kuwa hotonta kawai muke da shi a waya. Ta ɗaga kai ta dubi mutanen. Zulai tana wannan ƙarshen benci, yarinyar tana wancan ƙarshen tana wasa da zip ɗin jakata, ko kallon juna ba sa yi.

Ta ce in tambayi uwar sunan 'yarta.

Na juya na ce, "Zulai, wai ki faɗi sunanta."

Zulai ta sunkuyar da kai. A nan na tuna. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijin aka sa mata. Kunya biyu a wuri ɗaya. Ni da na san wannan tun ina goye, ni da ba zan rubuta sunan babban nawa a takardar nan ba, na duba kowane shafi sau biyu, ban duba mutanen ba.

Na ce, "Zulai, lalura ce. Ko a hankali."

Ta ce, "Anti Binta, ai yana rubuce a gabanta."

"Daga bakinki take so."

Bakinta ya motsa, babu abin da ya fito. Wallahi ta gwada. Shekara biyar ba ta taɓa furta shi ba, ba zai fito a gaban gilashi ba.

Ma'aikaciyar ta fito daga bayan gilashi, ta durƙusa a gaban yarinyar tana murmushi. Ta ce in tambaye ta sunanta. Yarinya ta ce, "Ummi." Matar ta nuna Zulai, wace ce wannan? Yarinya ta ce, "Yaya ce," don haka ta ji ƙannen Zulai suna kiranta, kuma ba wanda ya gyara mata. Na juya shi yadda ta faɗa. Sai ma'aikaciyar ta tambaya, to ina Halimatu?

Ummi ta washe baki, ta samu tambayar da ta sani. Ta ce, "Hajiya Halima tana Kano, ƙafarta na ciwo."

Na juya wannan ma. Murmushin matar ya ɗauke. Ta koma ta tattara takardun ta ajiye a gefenta, ba a gefenmu ba, ta ce za a tura maganar sama a bincika, zai ɗauki mako biyu ko fiye, kuma kada a fita da yarinyar daga gari. Ta ɗora hannu a kan wayar tebur.

Wani Alhaji a bayanmu ya fara, "Wannan ai wulaƙanci ne, don sun ga mu baƙaƙe ne." Na ce, "Alhaji, don girman Allah." Ni ma jinina ya hau. Amma hannuna yana kan jaka, daidai aljihu na bakwai, sai tambayar dattijon nan ta faɗo mini. Wa take yi wa hidima a wannan minti? Na dube ta da kyau. Ba Zulai take harara ba. Ummi take kallo, irin kallon da za ki yi wa yaron da kika gani shi kaɗai a bakin titi. Mace ta kasa faɗin sunan yarinya, yarinya ta ce wannan ba uwata ba ce, mai sunan kuma tana wata ƙasa. Ni ma da ni ce a kujerar, ba zan buga hatimin ba. Ashe ni da ita aiki ɗaya muke yi.

Na ce mata, "Kin yi daidai, kuma na gode da kika tsaya wa yarinyar. Ki ba ni minti biyu." Ta ɗage hannu daga wayar. Na ce, "Kina da aure?" Ta ce e. "Uwar mijinki, kina kiran sunanta?" Ta zaro ido kamar na ce ta taka wuta. Na ce, "To sunan uwar mijinta aka sa wa yarinyar. Halimatun da ke Kano kakar ce. Ummi sunan gida ne, irin wanda ku ma kuke sa wa jarirai. Kuma a wurinmu mace tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane."

Ta ce ta ji, amma labari ba shaida ba ne.

Na ce, "Gaskiya ne. To ki tambaye ta komai a kan yarinyar. Komai, ban da sunan."

Ta sa aka juyar da Zulai tana fuskantar bango, ta kira wata abokiyar aikinta ta riƙe Ummi a gefe. Ta ce uwar ta faɗi wata alama a jikin yarinyar da tufafi suka rufe.

Zulai ta fara da murya ƙasa-ƙasa, ina juyawa. Akwai baƙin tabo kamar ƙwayar wake a tafin ƙafar hagu. Aka cire takalmi, ga shi. Akwai ƙuna a bayan gwiwar hannun dama, butar shayi ce, tana da shekara biyu. Aka naɗe hannun riga, ga ta. Ba a sake tambayarta ba, amma Zulai ba ta tsaya ba. Haƙorin ƙasa na biyu yana girgiɗi tun shekaranjiya, ba ta gaya wa kowa ba, da harshe take taɓa shi. Hujin kunnen dama ya fi na hagu sama kaɗan. Akwai wurin da gashi bai fito ba a ƙeya, faɗin farce, kitso yake rufe shi. Tana tsoron injin busar da hannu na banɗaki. Idan za ta yi ƙarya sai ta kama kunnenta. Yau da safe ta ɓoye rabin ƙosanta a aljihun hagu, don kyanwar ƙasan bene.

Abokiyar aikin ta sa hannu a aljihun hagu, ta fito da rabin ƙosai a cikin tishu.

Dariya ta ƙwace wa mai gilashin, ta rufe baki da hannu. Ta cire gilashin ta goge, ta mayar. Ta ce a turo hoton takardar haihuwar a buga, mijin kuma ya kira ta bidiyo ya nuna fasfonsa. Kafin la'asar aka gama. Ta jawo takardar Ummi, ta hura hatimin, tim! Na ce, "Shiye-shiye," wato na gode. Ta ce a gaya wa Zulai ta gaishe da mai ciwon ƙafa.

Tun daga ranar, bayan tambayar ƙunshi, tambayata ta biyu ita ce, "Akwai ɗan fari a tafiyar?" Idan akwai, sai mu zauna a falona tukuna, in shirya uwa, in shirya yaro, in rubuta bayanin al'adar da Sinanci in sa a saman tire. Wannan shi ne aikin, 'yan mata. Takarda rabi ce.

Muka fito bakin titi. Zulai ta yi gaba abinta, taku biyar tsakaninta da mu, kamar ba ita ce ta gama zayyana mutum daga ƙeya har tafin ƙafa ba. Ummi tana riƙe da hannuna, ɗaya hannun yana shafa ƙeyarta, tana neman wurin da gashi bai fito ba. Da ta same shi sai ta tsaya cak. Ta dubi bayan uwarta, ta jawo hijabina har na sunkuyo, ta raɗa mini a kunne:

"Anti, ashe duk tana kallona?"